Wasiƙa zuwa gidan Shuyiman

Duk wanda ya saba bin hanyar Kawo a Kaduna ya san barikin Dalet, ko da bai taɓa leƙa cikinsa ba. A garin dai akwai Kalapanzin, a Zariya akwai Chindit, a Ibadan akwai Letmauk, a Ikko kuma ga Dodan, inda aka riƙa mulkin ƙasar nan daga 1966 har aka mai da fadar gwamnati Abuja a 1991. Sunayen sun zauna a baki har an daina tambayar inda suka fito. Dalet da Kalapanzin da Letmauk da Dodan wurare ne a fagen yaƙin Arakan, can yammacin ƙasar Bama wadda yau ake kira Miyanma, inda samarin ƙasar nan suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945. Chindit kuwa sunan rundunar Janar Wingate ne, wadda ake saukewa da jirgin sama a bayan abokan gaba, kuma bataliya uku ta sojan Nijeriya sun yi yaƙi a cikinta.

Sojojin Afirka kusan 100,000 aka kai wannan fage a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Daga Afirka ta Yamma manyan runduna biyu suka tafi, ta 81 da ta 82, ɗauke da mutanen Nijeriya da na Gana ta yau da Saliyo da Gambiya, kuma 'yan Nijeriya ne suka fi yawa. Tun zamanin Lugga Hausa ce harshen bariki, har ta haifi Barikanci, don haka da ita Bahaushe da Babarbare da Tibi da mutumin Zuru suka riƙa kiran juna a waɗancan dazuzzuka. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau karaga a 1944, ya taka har can ya gai da su. A cikinsu akwai Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, ya dawo wajen Ingilishi, ya sami lambar jarunta, yau kuma barikin Lakwaja ke amsa sunansa.

Duk da wannan yawa, abin da sojojin suka bari a rubuce da hannunsu bai taka kara ya karya ba. Hafsoshin Turawa sun koma gida sun cika kantoci da littattafai, galibinsu kuwa ba su ba baƙar fata wani fili ba. Ƙaramin sojan Nijeriya da ya zauna ya rubuta labarinsa na Bama daga farko har ƙarshe, har labarin ya ratsa duniya, shi ne Isaac Fadoyebo.

An haife shi a 1925 a Emure-Ile, wani ƙauye kusa da Owo a jihar Ondo ta yanzu. Ya gama firamare, mahaifinsa ba shi da halin kai shi gaba, sai ga masu ɗaukar soja sun iso. A farkon 1942, yana ɗan shekara 16, ya ba da sunansa. Da yake ya iya karatu da rubutu, aka koya masa aikin jinya, aka sa shi a wani asibitin soja na tafi-da-gidanka mai lamba 29. Ya yi zama a Saliyo, a 1943 kuma jirgin ruwa ya kwashe su, ya zagaya ta ƙurewar kudancin Afirka, ya sauke su a Bombai.

Aikin da aka ba Runduna ta 81, ƙarƙashin Janar Woolner, shi ne ta shiga kwarin kogin Kaladan ta tsare wa sauran mayaƙa gefe yayin da suke gangarawa ta bakin teku. Babu hanyar mota a wurin. Da adda da gatari da shebur sojojin suka sare hanya mai tsawon mil kusan 75 a cikin duwatsu da kurmin gora. Abinci da harsashi ta sama ake jefo musu da laima, abin da ba a taɓa yi wa runduna mai wannan girma ba kafin su. Abin da aka jefo kuma sai dubban 'yan dako, waɗanda su ma sojoji ne amma galibi ba a ba su bindiga ba, su ɗora a ka su bi sawu. Ga sauro, ga matsattsaku, ga atini. Da farko tafiya ta yi kyau, suka kai har kusa da garin Kyauktaw. Sai Japanawa suka zagayo ta inda ba a zata ba.

Mutanen asibitin su Isaac ba su san al'amari ya juya ba. Suna bin kogin ne a kan gorar da suka ɗaɗɗaure ta zama abin fito, suka yada zango a gaɓa, daura da wani ƙauye. Da safiyar 2 ga Maris, 1944, aka buɗe musu wuta daga tsallaken ruwa. Ma'aikatan jinya ne, ba su da abin mai da martani. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙashin cinyar dama, wani ya same shi a jiki. Wani likita mutumin Sikotlan, Kyaftin Brown, ya rarrafo wajensa a cikin ruwan harsashi don ya duba shi. Da Japanawa suka ƙetaro suka tafi da likitan, ba a sake ganinsa ba. Isaac kuwa suka dube shi suka ga ba zai kai labari ba, suka bar shi nan tsakanin gawawwakin abokansa.

Bai mutu ba. Mutanen ƙauyen suka fara leƙowa, wani ya kawo ruwa, wani ya kawo 'yar shinkafa, wani kuma ya zo ne don ya ɗebi abin da ya samu. Bayan wasu kwanaki aka haɗa shi da wani da ya tsira da rauni, Saje David Kagbo, mutumin Saliyo. Su biyun suka kwanta a ƙarƙashin wata 'yar rumfa a daji, miki na ruɓa, ƙuda na bi, damina kuma ta sauko. Daminar Arakan tana cikin mafiya ƙarfi a duniya, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya wata da watanni.

Mutanen da suke kawo musu abinci Musulmi ne, daga al'ummar da duniya ta sani yau da sunan Rohingya. Tun 1942, da Ingilishi suka ja da baya, jini ya zuba tsakanin Musulmin Arakan da maƙwabtansu mabiya addinin Buda, ta yadda akasarin Musulmi suka karkata wajen Ingilishi, ɗaya ɓangaren kuma ya fi kusa da Japan. Isaac da David sun lura da haka, suka ce musu su ma Musulmi ne, alhali Isaac a coci ya tashi. Shi da kansa ya faɗi wannan a rubutunsa, bai ɓoye ba. Wanda bai taɓa kwana da karyayyiyar ƙafa a dajin da ba ya jin yaren kowa ba, ya yi hattara kafin ya yanke musu hukunci.

A cikin masu zuwan akwai wani manomin shinkafa mai suna Shuyiman. Shi bai gaji ba. Da wasu suka ja jiki saboda tsoro, ya ci gaba da kawo abinci, daga baya ma ya yanke shawarar da ta fi kowace haɗari: ya kwashe su ya kai su cikin gidansa, inda matarsa da 'ya'yansa suke. Japanawa na sintiri a yankin, kuma kowa ya san abin da suke yi wa wanda suka kama yana ɓoye sojan Ingilishi. Talaka ne, abincin gidansa da ƙyar yake isar iyalinsa, ga baki biyu sun ƙaru, baƙin da ba za su ɓuya a cikin jama'a ba saboda launin fatarsu. Ba su da abin biyansa, ba kuma wanda ya san ranar da yaƙin zai juyo. Haka ya riƙe su har Disamba 1944, lokacin da sojojin ɓangaren Ingilishi suka sake shigowa kwarin. Wata tara ke nan da harbin. Aka ɗauke su cikin gaggawa zuwa asibiti a Indiya, Isaac bai sami sukunin yi wa mai gidan nan godiyar da ta kamata ba.

Duk tsawon wannan lokaci babu takarda ko ɗaya da ta fita daga hannunsa zuwa gida, kuma a yaƙin nan wasiƙa ita ce shaidar cewa mutum na da rai. Sojan da ya yi boko yakan rubuta da kansa. Wanda ya yi makarantar allo yana da ajaminsa. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya nemi abokin da ya iya, ya zauna gefensa yana faɗa ana rubutawa, da sanin cewa sirrinsa ya zama na mutum biyu. Kafin takardar ta bar sansani sai hafsa ya karanta, ya soke sunan wuri da duk abin da zai nuna inda runduna take. Sannan ta yi makonni a teku, ta bi ta gidan waya da ofishin En'e, ta isa hannun hakimi ko dagaci, a nemo malami ko ɗan makaranta ya karanta a zaure, kowa na ji. Shi ya sa wasiƙun ba su cika faɗin abin da ke zuci ba. Gaisuwa ce jere, sunan kowa da kowa, sai tambayar ko kuɗin da ake yanka daga albashi yana isowa, ko an yi shuka, ko matar tana ɗakinta. Masanin tarihi David Killingray, wanda ya yi shekaru yana bin irin waɗannan takardu kafin ya fitar da littafinsa kan sojojin Afirka a 2010, ya nuna yadda maganar iyali da kuɗi da ranar komawa gida ta fi damun sojojin. Labarin fagen daga kuwa mutanen Arewa sun fi samunsa a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita.

Abin da ya isa Emure-Ile game da Isaac sanarwar soja ce cewa ya ɓace, ana kyautata zaton ya mutu. Aka yi kuka, aka haƙura. Da ya dawo a 1945 yana ɗingishi, mutanen garin ba su yarda su taɓa shi ba sai da suka watsa masa ƙasa, bisa al'adarsu ta cewa fatalwa ba ta jure wannan. Da suka ga yana nan tsaye, sai murna ta ɓarke.

Ya sami aikin gwamnati a ma'aikatar ƙwadago, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya zauna a Ikko, ƙafar dama ta gajarce har ƙarshen ransa. Bayan shekaru masu yawa ya zauna ya rubuta abin da ya same shi, aka buga da tafireta, shafi sittin da wani abu. Ba wani mai buga littafi da ya neme shi. A 1989, da yaƙin ya cika shekara 50 da farawa, sashen Afirka na BBC ya nemi tsofaffin sojoji su aiko da labarinsu, shi ma ya aika da nasa Landan. Takardun suka faɗa hannun Killingray, ya gyara su, Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta buga su a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck, wato sa'ar da ta wuce hankali. Ɗan ƙaramin littafi ne da bai wuce hannun masana ba. Kwafin rubutun kuma ya shiga ɗakin ajiya na gidan tarihin yaƙi da ke Landan, ya kwanta.

A can Barnaby Phillips ya same shi. Ɗan jarida ne da ya yi wa BBC aiki a Nijeriya daga 1998 zuwa 2001, ya kuma saba wucewa ta gaban barikokin Ikko masu sunayen Bama. Da ya karanta bai ɗauka marubucin na raye ba. Bayan shekaru, yana aiki da Aljazeera, ya sa aka bincika, sai ga dattijon a unguwar Surulere, hankalinsa garau, yana tune da komai. A hirarsu ya gane abin da ke ci wa tsohon tuwo a ƙwarya: bashin godiya da ya kwana a wuyansa tun 1944. Shekarunsa 85, ba zai iya tafiyar ba. Sai ya rubuta wasiƙa zuwa ga iyalan Shuyiman, ya haɗa da hotunansa, ya danƙa wa ɗan jaridar.

Wasiƙa ce da ba ta da adireshi. Abin da Isaac ya riƙe shi ne sunan mutum ɗaya da sunan ƙauye kamar yadda kunnensa ya ji shi, Nyron, kuma babu wannan suna a taswira. A 2011 hukumomin Bama ba sa maraba da 'yan jarida, balle a jihar Rakhine, sunan Arakan na yanzu, don haka Phillips ya shiga a matsayin ɗan yawon buɗe ido. Ya gwada bayanin Isaac da rahotannin soja na lokacin da tsofaffin taswirori, ya bi ruwa daga Sittwe ya haura, har ya isa wani ƙauye da ake kira Mairong. Ya ambaci sunan Shuyiman, aka nuna masa gida.

Shuyiman da matarsa sun daɗe da rasuwa. Amma 'ya'yansu da jikokinsu na nan, kuma ba sai da aka yi musu dogon bayani ba. Sun san labarin baƙaƙen sojoji biyu da aka ɓoye a gidansu, domin iyayensu sun sha ba su shi, suna kuma tambayar kansu ko mutanen nan sun isa gida. Aka karanta musu wasiƙar ta bakin tafinta, aka miƙa musu hotunan, suka fashe da kuka. Phillips ya ɗauki hotonsu da muryoyinsu ya komo Ikko ya nuna wa Isaac. Shekara 67 ke nan tsakanin rabuwar da isar godiyar.

Abin lura a nan shi ne yadda gida biyu suka riƙe labari ɗaya ta hanya biyu. A Surulere an riƙe shi a takarda, da kwanan wata da sunayen hafsoshi da lambar runduna. A Mairong babu takarda ko ɗaya, babu hoto, babu lambar yabo, ba wata hukuma da ta rubuta sunan manomin nan a wani allo. Da baki aka riƙe shi, uwa ta faɗa wa 'ya, uba ya faɗa wa ɗa. Da Isaac bai rubuta ba, da babu wanda zai san akwai ƙauyen da za a nema. Da iyalan Shuyiman sun bar zancen ya mutu da iyayensu, da ɗan jaridar ya isa ƙofar gidan ya tarar da mutanen da ba su san abin da yake faɗa ba, rubutun Isaac kuma ya zauna a matsayin maganar mutum ɗaya da ba mai gaskata ta. Masana sukan raina abin da aka ji daga bakin kaka, mutanen gida kuma sukan raina tsohuwar takarda. A wannan karon kowanne ya tsaya wa ɗan'uwansa shaida.

Aljazeera ta nuna fim ɗin tafiyar a 2011 da sunan Burma Boy, Phillips kuma ya faɗaɗa labarin a littafinsa Another Man's War a 2014. Isaac bai ga littafin ba, ya rasu a Nuwamba 2012. A wannan shekarar ce rikici ya sake ɓarkewa a Rakhine, a watan Yuni da Oktoba, aka ƙone ƙauyuka, aka tsare dubban Musulmi a sansanoni. A 2017 kuma fiye da 'yan Rohingya 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash daga farmakin sojan Miyanma. Al'ummar da ta ɓoye ɗan Nijeriya a ɗakinta ita ce yau ba ta da takardar zama 'yar ƙasa a inda aka haife ta. Duk ɗan Nijeriya da ya ji sunan Rohingya a rediyo ya kamata ya san akwai wannan tsakaninmu da su.

Akwai gidajen da yaƙin ya gangaro wa 'ya'ya ta wata hanyar. Marubuci Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan a 1967, ɗan tsohon sojan Bama ne. Ya sha faɗa cewa mahaifinsa ya dawo da tabon yaƙin a ƙwaƙwalwarsa, kuma labaran da ya ji a gida tun yana yaro su ne suka zama ƙashin bayan littafinsa na ƙagaggen labari da ya fito a 2007, shi ma mai suna Burma Boy. Jarumin littafin yaro ne Bahaushe, Ali Banana, wanda ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi soja, ya ƙare a rundunar Chindit. Bandele ya rasu a Ikko a 2022. Gadon da ya samu daga uba bai shiga akwati ba, amma ya fi na akwati nauyi.

A gidajen Arewa da yawa kuwa akwatin na nan, na ƙarfe, a ƙarƙashin gadon tsohuwa ko a ɗakin shirgi. Wanda ya buɗe yakan tarar da abu uku ko huɗu. Akwai lamba mai siffar tauraro, tsini shida, da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi da ruwan lemo a gefe: wannan ita ce Tauraron Bama. Akwai hoto da ya koma ruwan ƙasa, saurayi cikin kaki da malafar soja an naɗe gefe ɗaya, wani lokaci an ɗauka ne a shagon mai hoto a Indiya. Akwai ɗan littafin sallama mai ɗauke da suna da lamba da ranar shiga da ta fita da shaidar hali. Wani akwatin har da laya da uwa ta ɗinka wa ɗanta ranar tafiya. A wasu gidajen lambobin na yaƙi biyu ne, domin a 1967 an sake kiran tsofaffin sojoji da yaƙin basasa ya tashi, kuma ranar ƙarewarsa, 15 ga Janairu, ita ce yanzu ranar tunawa da 'yan mazan jiya.

Waɗannan kaya suna magana ga wanda ya san yadda ake tambayarsu. A dubi kafaɗar rigar da ke cikin hoton. In an ga baƙin gizo-gizo a kan rawaya, mai hoton ɗan Runduna ta 81 ne, ta Kaladan, irin su Isaac. Woolner ya zaɓi alamar ne saboda Gizon tatsuniya, wanda mutanen Gana ke kira Ananse, mai kayar da manya da dabara. In kuwa mashi biyu ne aka gitta a cikin gammo, to ta 82 ce, wadda ta iso daga baya ta gangara kudu ta Dalet da Letmauk, gammon kuma girmamawa ce ga 'yan dakon da suka ɗauki yaƙin a ka. Rundunonin biyu sun haɗu wajen karɓe Myohaung a Janairun 1945, ranar da sojan Gana ke bikinta har yau. Lambar tauraron ita kaɗai ba ta faɗin mai ita, domin akasari ba a zana suna a jikinta ba. In aka raba ta da littafin sallama wajen rabon gado, wannan ɗa ya ɗauki lamba, wancan ya ɗauki takarda, to an raba shaida da mai shaida.

Da yawan masu waɗannan kaya ba su so yin zancen ba. Sun dawo da alkawarin aiki da kuɗin sallama, suka tarar abin bai kai yadda aka faɗa ba. Wasu sun zama direbobi, wasu 'yan doka, wasu masu gadi, wasu suka koma gona. A Ankara ta Gana, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano don kai kukansu ga gwamna, aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya kuma ta gaggauta 'yancin Gana. Mutumin da ya ga an yi masa haka ba lalle ne ya zaunar da jikoki yana ba su labarin Kaladan ba. Sai ya rufe akwati. Yanzu kusan dukkansu sun kwanta dama, 'ya'yansu ma sun manyanta, gara da ɗigar damina da ƙaura daga gida zuwa gida suna cin rabonsu. Wasu kuma da kyakkyawar niyya suke kai tsohuwar takarda a liƙe ta da leda mai zafi, wanda hakan ke lalata ta ba gyara. Ɗaukar hotonta da waya, da rubuta sunan mai ita da garinsu da fensir a bayan hoto, da zaunar da tsohuwar da ta san shi a naɗi muryarta, sun fi wannan amfani nesa ba kusa ba. Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa duk suna Kaduna, kuma irin wannan aiki nasu ne.

Ga gidan da nasu bai dawo ba, akwai inda za a fara nema. A maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, arewa da birnin Yangon, an gina dogayen ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na sojojin da suka mutu a Bama ba a san kabarinsu ba, kuma akwai na Afirka ta Yamma a cikinsu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta sa waɗannan sunaye a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Wahalar ita ce yadda aka rubuta mutanenmu. Magatakardan soja sukan ɗauki sunan yanka su haɗa da sunan gari, Kano ko Sakkwato ko Katsina ko Bauci, da irin rubutun da kunnen Bature ya ji, ba sunan uba ba unguwa. Mutum goma na iya amsa suna ɗaya. Abin da ke bambanta su shi ne lambar soja, wadda ga 'yan Nijeriya take farawa da haruffan NA. Soja yakan rubuta ta a saman wasiƙarsa don amsa ta same shi, tana kuma kan takardar da hukuma ta aiko wa iyali da labarin rasuwa ko ɓata. Jikan da ya sami wannan lamba a akwatin gidansu zai iya gano bataliyar kakansa, da ranar da ya rasu, da ginshiƙin da sunansa yake.